Kwaɓin Da Ya Bi Tsaga

Ni magini ne. Shekara ashirin da huɗu
ina kwaɓa siminti da yashin kogin Kaduna.
Daga Rigasa har Barnawa
akwai ginshiƙan da suka san tafin hannuna.
Ban taɓa zaton zan ji sunan kayan aikina
a bakin likita, a kan gadon bayan uwata ba.

Inna Tabawa ba faɗuwa ta yi ba.
Sunkuyawa ta yi za ta ɗauki buta,
sai wani abu ya ce ƙas a bayanta
kamar an taka busasshen kara.
Matar da ta yi shekara goma sha tara
a tsaye gaban injin masaƙa a Kakuri,
buta ce ta kwantar da ita.

Dakta Shekari ya ɗaga hoto ga fitila.
Ya ce ƙashin ya rarake,
kamar ƙyauren da gara ta cinye ta bar fenti.
Ya ce akwai siminti na ƙashi,
da allura ake ɗura shi, ya daskare, ya tallafi gaɓar.
Ya ce wani lokaci yakan yi yoyo.
Na ji, na gyaɗa kai, na sa hannu a takarda.
Inna ta yi dariya, dariyar ta soke ta:
"Tanimu, ashe ni ma gini ce.
Ka ce musu ban da ha'incin kwaɓi."

Ranar Laraba aka yi.
Da la'asar ta ce bayan ya lafa.
Da magariba ta ce, "Wa ya ɗaure mini ƙafa?"
Babu wanda ya ɗaure.
Na matsa babban yatsanta na hagu, na ƙara matsawa,
tana kallon rufin ɗaki, tana jiran in fara.

Sabon hoto: farin dunƙule a inda aka nufa,
sai wani siririn zare, fari fat,
ya sulale ta baya, ya nufi hanyar jijiya.
Kafin likita ya buɗe baki na gane shi.
Na sha ganinsa da safe in an ɓamɓare katako.
Ruwan kwaɓi ba ya tambayar inda aka aike shi,
tsaga yake nema,
ko da ba ta kai kaurin gashi ba.
A wurin aikina guduma ce, minti biyar, an wuce.
A nan, abin da bai fi ƙwayar wake ba
ya danne jijiya, ya kwantar da ƙafa guda.

Na so in yi faɗa. Na nemi wuyan rigar da zan kama.
Sai na tuna wani bene a Unguwar Rimi:
na toshe kowace kafa da takardar buhu,
na zagaya sau uku,
ya kuma zuba.
Likitan bai sunkuyar da kai ba, bai yi kwana-kwana ba.
Ya ce, "Ya zuba. A daren nan za mu shiga mu cire."
Na fita baranda na kira mai son babur ɗina,
ban ko yi ciniki ba.

Wata huɗu ke nan.
Tana takawa da sanda daga ƙofa zuwa gindin mangwaro.
Yatsan bai farka ba tukuna;
silifa kan zame ba ta sani ba,
jikanta Ɗanliti ya biyo ta da shi a hannu.
A wurin aiki leburori sun ce na cika nawa,
ina shafa katako da yatsa kamar mai neman ƙaya.

Gutsuren da aka ciro yana cikin kwalbar turare
a kan tagarta.
In na shigo gaisuwa takan girgiza shi, ya yi ƙara,
ta ce, "Zo ka ga aikin 'yan'uwanka."